Magungunan Kashe Kumburi da Ciwon Gaɓoɓi a Jikin Doki da Kare



Gabatarwa

Bahaushe ya ce jiki magayi. Wannan karin magana ya fi dacewa da dabba bisa ɗan Adam, domin mutum idan gwiwarsa ta dame shi yana iya zuwa gaban likita ya nuna wurin da yatsa, ya faɗi ranar da abin ya soma, sa'an nan ya koma bayan kwana uku ya ce maganin da aka ba shi yana ƙona masa ciki. Doki da kare ba su da wannan dama. Abin da jikinsu ya nuna shi kaɗai ne shaidarsu, mai su kuwa shi ne zai karanta shaidar, shi ne kuma zai yanke hukuncin abin da za a ɗura musu. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani rukunin magunguna da ake ba waɗannan dabbobi biyu saboda ciwon gaɓoɓi, watau magungunan kashe kumburi, a ga inda suka samo asali, da yadda suke aiki, da irin ɓarnar da sukan yi idan an yi sakaci da su. An haɗa doki da kare ne don dalili guda. Galibin dabbobin gida yanka su ake yi tun ba su tsufa ba, amma waɗannan biyu barinsu ake yi har tsufa ya cim musu, ga shi kuma amfaninsu duka a ƙafa yake.

Ciwon da Alamominsa

Hausawa suna kiran wannan ciwo amosani, wasu kuma su ce sanyin ƙashi. Sunan na biyu ya samo asali ne daga lura ta gaskiya, domin ciwon ya fi tashi da asubahin hunturu, ya lafa idan jiki ya ɗumama. Amma ba sanyi ne tushensa ba. A duk inda ƙasusuwa biyu suka haɗu akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kawunansu, akwai kuma wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gugar juna. Shi wannan guringuntsi ba jijiyar jini a cikinsa, don haka idan ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Tun cikin shekarar 1743 wani likita mai aiki a Ingila, William Hunter, ya bayyana haka, kuma har yau ba a sami maganin da ya ƙaryata shi ba. Idan zaizayar ta yi nisa sai tantanin da ya kewaye gaɓar ya kumbura, ƙashin da ke ƙasa ya yi kauri, gefensa ya yi tsiro. Daga tantanin nan da ƙashin nan zafin yake fitowa.

Ƙiyasin da likitocin dabbobi suka fi ambata shi ne, wajen kashi 60 cikin 100 na ɗingishin dawaki yana da alaƙa da wannan ciwo, kuma kare ɗaya cikin kowane biyar da suka wuce shekara guda yana ɗauke da shi. Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba. Idan ɗaya daga cikinsu ce take ciwo, za a ga yana ɗaga kai duk sa'ad da ta taɓa ƙasa, ya sunkuyar idan lafiyayyar ta taka. Shi kuwa kare sai ya riƙa nawar tashi daga kwance, ya ƙi tsallake abin da a da yake tsallakewa, wani lokaci ya riƙa haɗa ƙafafun baya wuri guda yana gudu kamar zomo. Manyan karnuka irin na Jamus, waɗanda 'yan sanda ke aiki da su, sukan gaji wata naƙasa ta kwatangwalo wadda ke jawo ciwon tun suna da ƙuruciya.

Lalle ne a lura cewa ba kowane ɗingishi ne amosani ba. Tsakuwa a kofato, ko ƙurji a cikinsa, ko tsagewar ƙashi, ko ciwon agara, duk suna sa doki ɗingishi, kamar yadda wasu cututtukan kaska suke sa wa kare ciwon gaɓoɓi. Maganin kashe kumburi zai kwantar da zafin kowannensu, ya bar cutar tana cin gaba a ɓoye.

Asalin Magungunan

Cikin shekarar 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton cewa ɓawon wata itaciya ta bakin rafi da ake kira wilo yana saukar da zazzaɓi. Sinadarin da ke cikin ɓawon shi ne kakan asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa a 1897, ya fito da shi kasuwa a 1899. Bayan shekara hamsin, watau a 1949, kamfanin Geigy na Suwizalan ya fito da fenilbutazon domin masu amosani. Ya yi aiki ƙwarai, amma sai aka gano cewa a jikin wasu mutane yakan kashe ɓargo, ya hana shi yin jini, har ta kai ga mutuwa. Saboda haka ƙasashe da dama suka taƙaita ba mutane shi cikin shekarun 1980. A barga kuwa ya zauna daram, har yanzu yana cikin magungunan da aka fi ba doki a duniya, saboda araharsa da ƙarfinsa.

Abin mamaki shi ne, an shafe fiye da shekara 70 ana shan asfirin ba a san yadda yake aiki ba. Sai a 1971 John Vane, wani masani a Landan, ya nuna cewa asfirin da danginsa suna hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Wannan bincike ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982, tare da wasu masana biyu na Suwidin.

Yadda Suke Aiki

Su waɗannan sinadarai 'yan aike ne. Idan wani sashe na jiki ya ji rauni, su ne ke buɗe jijiyoyin jini wurin ya yi ja ya yi zafi, su ne kuma ke ƙara wa jijiyoyin ji kaifi har ɗan taɓi kaɗan ya zama azaba. Idan an hana ƙera su, kumburi ya saɓe, zafi ya lafa. To amma aikinsu bai tsaya nan ba. Su ne ke sa tumbi ya fid da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi. Su ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyar jini a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Ke nan ƙwayar da ta kwantar da gwiwa ita ce ta kwance wa tumbi garkuwa, ta kuma rage wa ƙoda jini.

A 1991 masana a Amurka suka gano cewa maƙeran waɗannan sinadarai biyu ne, aka laƙaba musu COX-1 da COX-2. Na farko kullum yana bakin aiki, shi ke kula da tumbi da daskarewar jini. Na biyu ya fi tashi idan an sami rauni. Tsofaffin magunguna kamar asfirin da fenilbutazon suna rufe maƙerun duka biyu. Daga nan sai kamfanoni suka duƙufa neman maganin da zai rufe ta biyu ya ƙyale ta farko, aka sami irin su firokoksib. Waɗannan sun rage gyambon ciki, amma ba su kawar da shi ba, kuma ƙoda tana bukatar maƙeran duka biyu, don haka haɗarinta yana nan.

Doki

Ana ba doki fenilbutazon tsakanin miligiram 2.2 da 4.4 ga kowane kilo na nauyinsa, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da awon da ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Tumbin doki yana zubo ruwan tsami dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba, shi ya sa gyambo ke saurin kama shi. Har ila yau maganin yakan ci wani sashe na babban hanji ta ɓangaren dama, sai sinadarin gina jiki ya riƙa tsiyayewa daga jini. Alamomin su ne doki ya ƙi dusa, kashinsa ya yi ruwa, ƙasan cikinsa ya kumbura, wani lokaci a ga miki a bakinsa. Doki ba ya amai, saboda haka gargaɗin da kare kan bayar da wuri shi ba ya bayarwa. Ƙananan dawaki irin ƙuru sun fi saurin cutuwa, jaki kuwa jikinsa ya fi na doki saurin fid da maganin. Allurarsa ta jijiya ce kurum. Idan ta kauce ta zuba a nama, wurin yakan ruɓe ya zube.

Akwai fuluniksin, wanda aka fi sani da sunan Banamine, wanda ya fi amfani ga ciwon ciki. Shi ma idan an soka shi a tsoka yakan buɗe ƙofa ga wata muguwar ruɓa mai kisa. Sai kuma firokoksib, wanda ake sayarwa da sunan Equioxx, da meloksikam, waɗanda suka fi sauƙi ga hanji.

Maganar ƙoda ta fi shafar ƙasashe masu zafi. Dokin da ya yini ana sukuwa da shi cikin bazara, ya yi gumi ya ƙafe, ƙodarsa a lokacin ta dogara ne kacokan ga waɗannan 'yan aike. Idan aka yi masa allura kafin ya sha ruwa ya huce, an datse igiyar da ƙodar take rataye da ita. Ruwa shi ne farko, magani ya biyo baya.

Duk da haka, kada a ɗauka barin doki da zafi shi ne tsira. Doki ba ya iya daɗewa a kwance, kuma idan ya jingina nauyinsa a kan ƙafa guda na tsawon makonni, naman da ke riƙe da ƙashi a cikin kofaton lafiyayyar ƙafar yakan kumbura ya saki. Haka ta faru da Barbaro, dokin da ya ci babbar sukuwar Kentaki a Amurka a 2006. Bayan mako biyu ya karye a ƙafar baya ta dama, aka yi masa aiki, amma sai ta hagu ta kamu da wannan ciwon kofato, har aka hutar da shi a watan Janairu na 2007. Ashe ke nan kashe zafi wani lokaci ceton rai ne.

Kare

Kare ya daɗe ba shi da magani nasa na kansa, sai abin da aka ɗebo daga na mutane. A 1996 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da karfurofen, mai sunan kasuwa Rimadyl, domin karnuka. Tsofaffin karnuka da yawa suka miƙe, amma ba a jima ba aka soma samun rahoton ciwon hanta a jikin wasu, musamman irin da ake kira Labrador. Tun daga nan ya zama ƙa'ida a auna jinin kare kafin a ɗora shi a kan magani na dogon lokaci, a kuma riƙa sake aunawa. Meloksikam ya biyo baya a can a 2003, firokoksib da sunan Previcox a 2004. A 2016 aka sami Galliprant, wanda ke barin maƙeran su yi aikinsu, ya toshe ƙofa ɗaya tak da saƙon zafi ke shiga. Sai kuma allurar wata-wata mai suna Librela, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2020, Amurka a 2023. Ita ma a ƙarshen 2024 hukumar Amurka ta rubuta wa likitocin dabbobi tana jan hankalinsu ga rahotannin illa, har da tangaɗi da farfaɗiya. Sabunta ba ta wanke magani daga zargi.

Alamomin da za su sa a tsai da magani nan take su ne amai, da zawo, da baƙin kashi kamar kwalta, da ƙin abinci, da yawan shan ruwa, da idanu su yi ɗorawa.

Awo da Bambancin Jiki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna magani da girman dabba kurum. Firokoksib ya isa misali. Kare yana bukatar miligiram 5 ga kowane kilo, doki kuwa miligiram 0.1, watau kashi ɗaya cikin hamsin. Ƙwaya guda mai miligiram 57 ita ce rabon karen da bai wuce kilo 11 ba, ita ce kuma rabon ingarma mai kilo 500. Dalili shi ne jikin kare yana fid da rabin maganin cikin kamar sa'a 8, na doki kuwa sai ya haura sa'a 30. Wanda ya ɗauki babbar ƙwayar kare mai miligiram 227 ya ba doki, yana ganin ai doki ya fi kare girma, ya ninka masa awo sau huɗu.

Akwai kuma inda abin yake juyewa. Nafuroksin, wanda mutane ke sha don ciwon baya, jikin mutum yana fid da rabinsa cikin kamar sa'a 14, na doki cikin 'yan sa'o'i, amma na kare sai ya kwana uku. Ƙwaya ɗaya kullum sai ta taru ta huda masa tumbi. Ibufurofen da diklofenak na mutane su ma guba ne ga kare, farasitamol kuwa ƙwaya guda tana iya kashe kyanwa. Bugu da ƙari, ba a haɗa biyu daga cikin wannan rukuni, ba a kuma haɗa ɗayansu da dangin kotizon irin su deksametazon, domin haɗin shi ne hanya mafi kusa zuwa gyambo mai zubar jini. Idan za a sauya daga wani zuwa wani, likitoci sukan bar kwana 5 zuwa 7 a tsakani. Mai tausayin da ya sayo haɗin ƙwayoyi a kemis ya tura wa karensa cikin tuwo, garin neman gira yana iya rasa ido.

Ɓoye Ciwo

Zafi mai gadi ne, shi ke hana dabba taka ƙafar da ba ta warke ba. Wannan ya sa hukumomin sukuwa suka sa wa magungunan ido. A 1968 wani doki mai suna Dancer's Image ya zo na ɗaya a sukuwar Kentaki, aka sami fenilbutazon a fitsarinsa, aka ƙwace nasarar aka ba na biyu. An yi ta shari'a har 1972, mai dokin bai yi nasara ba, sa'an nan a 1974 jihar ta halatta maganin. A 2021 aka sake irin wannan da Medina Spirit, wanda aka samu da wani dangin kotizon, aka soke nasararsa a 2022. Gardamar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Dokin da bai ji zafin tsagewar ƙashi ba zai yi gudu har ƙashin ya karye, ya faɗi da mahayinsa.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Dokin da ya yi watanni a turke, aka kwance shi ranar salla aka ɗora masa sirdi da kayan ado da mahayi, ya yi hawan salla da hawan daushe da hawan Nasarawa a jere a kan kwalta, gaɓoɓinsa sun ɗauki abin da ba a shirya su dominsa ba. Haka dokin ƙwallo a Katsina ko Kaduna, haka karen farauta da ya yi damina a kwance. Idan ya wayi gari yana ɗingishi, allurar da za ta miƙar da shi don ya fita hawan gobe rance ce, ƙafar ce za ta biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fita da doki kilisa kullum tun saura makonni shi ne shirin gaskiya.

Bayan Mutuwar Dabba

Maganin ba ya ƙarewa da ƙarewar numfashi. A 2013, lokacin da aka gano naman doki a cikin abincin da aka sayar a Turai da sunan naman shanu, hukumomin Ingila sun auna gawar dawaki 206, suka sami fenilbutazon a jikin 8. Saboda illarsa ga ɓargon mutum, dokar Turai ta hana dokin da aka taɓa ba shi maganin shiga mahauta.

Abin da ya faru a Indiya ya fi wannan muni. Cikin shekarun 1990 makiyaya suka rungumi diklofenak don shanunsu, saniyar da ta mutu kuwa a can yar da ita ake yi. Ungulayen da suka ci mushen sai ƙodarsu ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007 wani jinsin ungulu mai farin baya ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. A 2004 bincike a Fakistan ya tabbatar da sanadin, lissafi kuma ya nuna cewa ko mushe ɗaya cikin ɗari bai kai ba ya isa ya jawo wannan ɓarna. Indiya da Fakistan da Nefal suka hana ba dabbobi maganin a 2006, aka maye gurbinsa da meloksikam, wanda aka gwada aka ga ba ya cutar da ungulu. Da ungulu ta ɓace, karnukan sake suka gaji mushe suka yaɗu, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru. A duk ƙasar da ake jan mushen doki ko na jaki a yar a bayan gari, binne dabbar da ta mutu tana kan magani wajibi ne.

Abin da Ba Ƙwaya Ba

Waɗannan magunguna ba sa mai da guringuntsi, zafi kawai suke ragewa. Abin da ke jinkirta ciwon kansa yana hannun mai dabba. An yi wani bincike a Amurka da karnukan Labrador 48, aka raba su biyu-biyu 'yan uwa ɗaya, aka rage wa ɗaya daga kowane biyu kashi 25 cikin 100 na abinci tsawon ransa. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, amosani kuma ya yi jinkirin kama su. Ga doki, gyaran kofato a kan kari, da shimfiɗar yashi a barga, da barinsa ya yi yawo a sake maimakon dabaibayi, duk suna rage wa gaɓa wahala. Ƙona gaɓa da jan ƙarfe kuwa, wanda aka daɗe ana yi a nan da Turai baki ɗaya, babu hujjar da ta nuna yana gyara guringuntsi, miki ne aka ƙara a kan ciwo.

Kammalawa

A taƙaice, abin da tarihin waɗannan magunguna ya koyar ana iya tattara shi cikin 'yan ƙa'idoji. A kai dabba ga likitan dabbobi ya gano sanadin ɗingishi kafin a kashe zafinsa. A auna nauyinta, a ba ta maganin da aka yi domin jinsinta, a mafi ƙarancin awon da zai yi aiki. Kada a haɗa biyu, kada a ba wadda ƙishirwa ta kama, kada a ba don a fita da ita aiki. A duba akurkinta da kashinta kowace safiya, ranar da ta ƙi abinci a tsai da magani a nemi likita. Bahaushe ya ce tsohon doki mai sane, ga shi kuwa doki yana iya kaiwa shekara 25 ko 30. Shekarunsa goma na ƙarshe, ko ya yi su yana kiwo ko ya yi su yana rangaji a turke, ya danganta ne ga yadda mai shi ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji.